An kore ni saboda sallar Juma'a, kuma an hana ni kuɗin rashin aiki

Baban Sadiƙ: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema wajen wanda ya san kan abin. Na daɗe ina aiki a wani sito na rarraba kaya a nan Amurka. Mun yi da tsohon shugaban sashenmu cewa ranar Juma'a zan haɗa hutun cin abincina da ɗan ƙari in je masallaci, da yamma in rama lokacin. Haka muke, ba mai jin kanmu. Da aka kawo sabon manaja sai ya ce shi bai san da wannan zance ba, hutun kowa minti 30 ne. Na ci gaba da zuwa masallaci, ya ba ni takardar gargaɗi, ya ƙara, daga nan aka ce in ajiye katin shiga. Na nemi kuɗin rashin aiki, wanda jiha ke ba wanda ya rasa aikinsa, jiya wasiƙa ta zo wai ban cancanta ba, don ni na jawo wa kaina korar da barin bakin aiki ba izini. Akwai abin yi, ko in haƙura?

Mai Unguwa: Wa alaikumus salam. Allah ya musanya da mafi alheri. Tunatarwa ga kowa: ba a kiran sunan kamfani ko na manaja a nan, kuma kada a turo hoton wasiƙar da lambobinta a jiki.

Alhaji Mai Tasi: Ƙanena, ka haƙura. Na daɗe a ƙasar nan kafin wasunku su yi wayo. Ba a ja da mai kamfani, lauyoyinsa albashi suke ci don irin wannan rana. Lokacin da za ka ɓata kana zarya, ka nemi wani aikin ya fi maka. Kuma ni kam, kuɗin da ake ba mutum yana zaune ban taɓa ganin albarkarsa ba.

Anti Tafinta: Alhaji, da girmanka, a nan ban bi ka ba. Baban Sadiƙ, kafin komai ka juya wasiƙar nan ka nemi inda aka rubuta wa'adin ƙin amincewa. Kowace jiha da nata. A nan New York kwana 30 ne mutum yake da shi ya nemi a saurare shi gaban alƙali, in ya faɗi kuma yana da kwana 20 ya ɗaukaka zuwa hukumar ɗaukaka ƙara. Wasu jihohin wa'adinsu bai kai haka ba, kuma daga ranar da aka aiko wasiƙar ake fara ƙirge, ba ranar da ka buɗe ta ba. Ka aika yau, layi biyu sun isa: ban yarda da hukuncin ba, ina neman a saurare ni.

Abin da ke hannunka ba hukuncin kotu ba ne. Wani ma'aikaci ne ya ji ta bakin kamfani, ya ɗan ji naka, ya sa hannu. Aikina ke nan, ina yi wa mutanenmu tafinta a irin wannan zaman, yawanci ma ta waya ake yinsa. Ba kuɗin shigar da ƙara, ba dole sai da lauya ba. Kuma ka ci gaba da shiga kowane mako kana tabbatar da cewa ba ka da aiki kana nema, ko da ba a biyanka. In ka yi nasara, makonnin da ka tabbatar su za a biya. Mutane da yawa sun ci shari'a sun tashi da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba saboda sun yi fushi sun daina shiga.

Alhaji Mai Tasi: Hajiya, to in babu komai a ciki, me ya sa kamfanin ya tsaya kai da fata sai an hana shi? Ai ba daga aljihunsu zai fito ba.

Anti Tafinta: Daga aljihunsu ne mana, Alhaji, ta bayan gida. Asusun nan da harajin da kamfanoni ke biya a kan albashin ma'aikata ake cika shi, tun dokar 1935. Kamfanin da mutanensa suka fi yawan karɓa, harajinsa yana hawa. Shi ya sa suke son a rubuta cewa laifin ma'aikaci ne. Manyan ma wasu kamfanoni suke ɗauka na musamman, ba su da aiki sai ƙalubalantar irin wannan buƙata.

Lauya Mai Jiran Gado: Salamu alaikum iyayena da yayyena. Ban zama lauya ba tukuna, karatu nake, amma wannan batu an karantar da mu shi sosai, don Kotun Ƙolin Amurka ta sha zama a kansa.

Tushen abin shari'ar Sherbert ce ta 1963. Adell Sherbert ma'aikaciyar masaƙa ce a jihar Karolina ta Kudu, 'yar cocin nan masu riƙe Asabar a matsayin ranar ibada. Masaƙar ta mayar da aiki kwana shida, ta ce ita ba ta aikin Asabar, aka sallame ta. Sauran masaƙun garin ma duk da Asabar suke. Da ta nemi kuɗin rashin aiki sai jiha ta ce ta ƙi aikin da ya dace da ita ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba. Kotunan jihar suka bi bayan hukuma. Kotun Ƙoli, alƙalai 7 a kan 2, ta ce ba haka ba. Mai shari'a Brennan ya bayyana cewa a ce wa mutum ya zaɓi ɗaya, ko addininsa ko haƙƙinsa, daidai yake da a ci shi tara don ya yi ibada ranar Asabar. Abin da ya ƙara kayar da jihar, dokarta ta riga ta kare masu ibadar Lahadi daga tilas, ta bar na Asabar a rana.

A 1987 aka sake. Paula Hobbie tana aiki a shagon kayan ado a Fulorida, ta shiga wannan coci bayan ta shekara biyu da rabi a wurin. Hujjar da aka kawo ita ce ita ta sauya, ba kamfani ba. Kotu ta ce lokacin da mutum ya rungumi aƙida ba ya rage masa kariya. To Yaya, kai ma ba kai ka sauya ba, su suka sauya maka.

Alhaji Mai Tasi: Yaro, duk waɗanda ka lissafa Kiristoci ne. Ka kawo mini Musulmi guda.

Ɗan Zango na Denba: Alhaji ga su nan a jiharmu ta Kolorado, ba guda ba. Ƙarshen 2015 a garin Fort Morgan, mahautar kamfanin Cargill ta sallami ma'aikata Musulmi kimanin 150, yawancinsu 'yan Somaliya, a kan rikicin hutun sallah. Sun daina zuwa aiki kwana uku, kamfani ya ce dokarsa ta kore su. A 2016 ma'aikatar ƙwadago ta Kolorado ta ce sun cancanci kuɗin rashin aiki. A 2018 kuma kamfanin ya yarda ya biya dala miliyan 1.5 ga mutum 138 don a rufe ƙorafin nuna bambanci, duk da bai amsa laifi ba. Ƙungiyar CAIR, mai kare haƙƙin Musulmin Amurka, tana cikin waɗanda suka tsaya musu. Da sun bi shawarar a haƙura, da ko sisi ba su gani ba.

Alhaji Mai Tasi: Su ɗari da hamsin ne, jaridu sun ɗauka. Shi shi kaɗai ne. Kuma bari in faɗi abin da ba wanda yake son faɗi. Baban Sadiƙ, kai kaɗai ne Musulmi a siton nan?

Baban Sadiƙ: A'a Alhaji, muna da yawa. Akwai 'yan Senegal, akwai wani ɗan Bangaladash. Su Azahar suke yi a lungu lokacin hutu.

Alhaji Mai Tasi: To ka gani. Manajan zai tashi gaban alƙali ya ce ga Musulmi nan suna aiki lafiya, wannan ne mai taurin kai. Me za ka ce?

Lauya Mai Jiran Gado: Baba Alhaji, wallahi kamar ka karanta shari'ar Thomas ta 1981, don wannan hujjar tak aka kawo. Eddie Thomas ɗan Shaidun Jehobah ne, yana aiki a wata masana'antar ƙarfe a Indiyana. Aka rufe sashensu aka mayar da shi inda ake ƙera kan tankar yaƙi. Ya ce addininsa bai yarda ya ƙera makami ba, ya ajiye aikin da kansa, ba ma korarsa aka yi ba. Kotun ƙolin Indiyana ta hana shi kuɗin, tana cewa ga abokin aikinsa ɗan aƙidarsu yana wannan aiki bai ga laifinsa ba, kuma shi kansa Thomas bai iya bayyana aƙidar tasa tsaf ba, tunda ya yarda ya sarrafa ƙarfen da daga baya zai iya zama makami. Kotun Ƙoli ta Amurka ta ce wannan ba hurumin alƙali ba ne. Saɓani tsakanin mabiya addini ɗaya abu ne da aka saba, kotu ba ta zaɓen wanda ya fi fahimtar littafinsa. Abin tambaya kawai, da gaske mutumin yake? Alƙalai 8 a kan 1.

A 1989 ma an ƙara gaba. William Frazee a Ilinoi ya ƙi wani aikin wucin gadi don akwai Lahadi a ciki, kuma ba ya cikin kowace coci, ya ce shi dai Kirista ne. Duka alƙalai tara suka ba shi gaskiya. Ba a buƙatar takardar liman kafin a yarda da kai, ko da yake in akwai ba ta ɓata komai.

Malam Na Masallacin Ƙasa: Assalamu alaikum. Abu biyu zan taɓa. Juma'a wajibi ce a kan namiji baligi mazaunin gari mai lafiya, aya ta 9 a Suratul Jumu'a ta ce a tafi zuwa ambaton Allah a bar ciniki. Ayar da ke biye kuma ta ce in an idar a watsu a nemi falalar Allah, wato ba a ce a kwana a masallaci ba. 'Yan'uwan da ke yin Azahar a lungu, wataƙila sun tambayi malamansu an ba su uzuri na lalura, kada mu zarge su, kada kuma a mayar da su sandar dukan wanda ya tafi.

Na biyu, Alhaji, maganar albarka. Hadisin hannun sama ya fi hannun ƙasa a kan roƙo yake. Wannan kuwa ba roƙo ba ne, ba kuma sadaka ba. Ba a ba wanda bai taɓa aiki ba, gwargwadon albashinka na baya ake lissafa maka, kuma na ɗan lokaci ne. A fahimtata haƙƙin gumi ne da hukuma ta tanada. Inda haramci yake shigowa shi ne ƙarya: mutum yana aiki ya rantse ba ya yi.

Alhaji Mai Tasi: Allah ya gafarta Malam, na karɓi ta biyun. Amma har yanzu ina nan a kan cewa wahalar banza zai sha.

Dogo na Ohayo: Ni ina tare da Alhaji rabi. Ɗalibinmu ya jero mana waɗanda suka ci, ya ɓoye wanda ya faɗi. Ina shari'ar Smith ta 1990? Alfred Smith da Galen Black, ma'aikatan wata cibiyar gyaran masu shaye-shaye a Oregon, an kore su don sun ci wani tsiro mai sa maye da ake kira peyote a wajen ibadar cocin 'yan asalin ƙasar nan. Ibada ce tsohuwa, ba wanda ya ce ƙarya suke. Aka hana su kuɗin, Kotun Ƙoli ta ce daidai ne. Mai shari'a Scalia ya rubuta cewa in doka ta hau kan kowa ba ta ware wani addini ba, ba a ɗaga wa mutum ita don imaninsa. Tun daga nan aka karya ƙafar Sherbert ɗin da kake taƙama da ita.

Lauya Mai Jiran Gado: Ban ɓoye ba Yaya Dogo, ban iso ba ne. An rage mata tsawo, gaskiya ne, amma ba a wannan fagen ba. Bambancin shi ne a lokacin cin tsiron nan laifi ne a dokar Oregon, laifi na ɗauri. Scalia da kansa ya ware Sherbert da Thomas da Hobbie ya bar su tsaye, ya ce su a kan tsarin da hukuma ke duba dalilin kowane mutum ɗaya bayan ɗaya suke. Ofishin kuɗin rashin aiki kullum abin da yake yi ke nan: wannan ya bar aiki don rashin lafiya, an karɓa, wancan don ba a biyansa, an karɓa. In kana karɓar uzurin duniya, ba ka da ikon ƙin na addini sai da babban dalili. Zuwa Juma'a kuma ba laifi ba ne a kowace jiha.

Dogo na Ohayo: To ai majalisa ta gyara Smith ɗin ma, ko?

Lauya Mai Jiran Gado: Ta yi doka a 1993 don maido da tsohon ma'auni, amma a 1997 kotu ta ce dokar ba ta hau kan jihohi ba, sai gwamnatin tarayya. Kuɗin rashin aiki kuwa jihohi ke raba shi. Wasu jihohin sun yi irin tasu dokar, wasu ba su yi ba. Shi peyote ɗin daban aka halatta wa 'yan asalin ƙasa shi don ibada a 1994.

Anti Tafinta: Ku dakata da manyan shari'u haka nan. A zaman da nake shiga ban cika jin an kira sunan Sherbert ba. Alƙali tambayoyi yake yi ƙanana masu cizo. Baban Sadiƙ, amsa mini kamar ni ce shi. Minti nawa kake yi a waje? Ka gaya wa sabon manajan da bakinka cewa sallah ce, ko ka ɗauka ya sani? Akwai wani abu a rubuce? Na ƙarshe, kuma ka faɗi gaskiya, sun taɓa ba ka wata mafita ka ƙi?

Baban Sadiƙ: Kamar awa ɗaya da rabi, masallacin da ɗan nisa. Na gaya masa, har saƙon waya na tura masa, yana nan. Yarjejeniyar tsohon shugaban da baki ce. Maganar mafita kuma, bayan gargaɗi na biyu ya ce in ina so in bar zuwa Juma'a gaba ɗaya in riƙa zuwa Asabar. Na ce ba zan iya ba, don Asabar nake jan Uber, ita ce ranar da ta fi kawo kuɗi.

Alhaji Mai Tasi: Shi ke nan. Ban faɗa ba?

Dogo na Ohayo: Kai Baban Sadiƙ, ai da wannan za ka fara. Yanzu zance ya tashi daga addini ya koma Uber. Ita matar Karolina ba ta da wata hanya, kai an buɗe maka ƙofa ka ce ba ta yi maka ba.

Maman Iman: Haba Dogo, a yi wa mutum adalci. Shekara da shekaru yana kan tsari ɗaya, ya gina cefanen gidansa a kai, rana ɗaya a ce ya zubar da kuɗin Asabar. Awa ɗaya ce fa ake magana, wadda yake ramawa da yamma. Wace asara kamfanin ya yi? Ni gani nake tayin na fita kunya ne, sun san ba zai karɓa ba.

Dogo na Ohayo: Maman Iman, ni ma tausayinsa nake ji, amma doka ba ta ce sai an ba ka mafitar da ranka yake so ba. Mafita mai ma'ana aka ce.

Anti Tafinta: Ku biyun duk kuna da gaskiya, shi ya sa ake zaman. Wannan ne ramin shari'arsa, ba na ɓoye masa. Amma ba ta mutu ba. Tunda korarsa aka yi ba shi ya ajiye ba, a yawancin jihohi kamfani ne zai tabbatar da cewa ya yi laifi da gangan, irin na wanda bai damu da aikin ba. Mutumin da ya sanar, ya faɗi dalili, ya rama lokaci, ya daɗe yana haka da sanin shugabansa, ba shi da kama da wannan. Tayin Asabar ɗin kuma za a tone shi: a rubuce yake? Manajan yana da ikon sauya jadawali ko faɗa kawai ya yi? An ba shi lokaci ya yi tunani? Shi ya kawo wata shawarar, kamar ya riƙa shigowa da wuri?

Abin da ba zan yafe maka ba, ƙanena, shi ne ka je ka ce ba a yi maka tayin ba. Rantsuwa ake yi, ana naɗar murya. In manajan ya fito da saƙo guda, duk sauran maganarka ta zube, har ta sallar. Ka faɗa da kanka kafin su faɗa.

Sannan ka nemo tsohon shugaban nan. Wanda ya gani da idonsa ya fi takarda nauyi. Sau da yawa kamfani yana turo wata daga ofishin ma'aikata wadda ba ta taɓa taka cikin siton ba, tana karanto abin da aka rubuta mata. In ga mai shaida da bakinsa yana cewa ni na ba shi izini, alƙali ya san wa zai fi saurara. Ka kuma nemi takardun shiga da fita, su za su nuna kana ramawa.

Baban Sadiƙ: Na gode Anti. Ina da lambarsa, mutumin kirki ne. Shi kuma sabon manajan na ce masa zan riƙa shigowa ƙarfe shida maimakon bakwai, shi ma yana cikin saƙon.

Anti Tafinta: Wannan saƙon ka adana shi wuri uku. Amma tsaya, kana jan Uber har yanzu? Kana faɗa wa ofishin kuɗin rashin aiki a tabbatarwar mako?

Baban Sadiƙ: Ina ja. Na ɗauka tunda ba aikin albashi ba ne ba sai na faɗa ba.

Anti Tafinta: Inna lillahi. Duk aikin da ya kawo kuɗi sai ka faɗa, ko na awa biyu ne. Ba hana ka zai yi gaba ɗaya ba, rage maka za a yi gwargwadon abin da ka yi. In ka ɓoye suka gano, kuma suna ganowa don bayanan haraji na zuwa musu, za ka mayar da kuɗin, ga tara ta aƙalla kashi 15 cikin ɗari in an ce da gangan ne, ga hana ka wasu makonni nan gaba. Tunda ba a biya ka komai ba tukuna, ka kira su ka gyara makonnin da ka riga ka shigar. Gobe da safe, kafin shayi.

Malam Na Masallacin Ƙasa: Abin da na ce ke nan ɗazu. Kada a shiga shari'a don sallah a fito da rantsuwar ƙarya.

Alhaji Mai Tasi: Wannan Uber ɗin ma ai rigima ce mai zaman kanta. Lokacin korona na ga yaranmu direbobi sun yi wata da watanni ba ko kwabo, ana ce musu su ba ma'aikata ba ne, masu zaman kansu ne.

Lauya Mai Jiran Gado: Haka ne Baba. A New York tun 2018 hukumar ɗaukaka ƙara ta ce wasu direbobin Uber uku ma'aikata ne ta fuskar wannan kuɗi. A Maris 2020 babbar kotun jihar ta faɗi haka a kan wani mai kai saƙo na Postmates, saboda kamfanin ne ke yanke farashi, shi ke bin sawun mai kai kayan, shi ke karɓar ƙorafin masu saye. Duk da haka sai da ƙungiyar direbobin tasi ta kai jihar kotun tarayya, a Yulin 2020 aka ba da umarnin a gaggauta biyansu. Kuma ka lura Baba, waɗanda suka fara wannan shari'ar mutum uku ne kacal, ba ɗari da hamsin ba.

Alhaji Mai Tasi: Yaron nan zai yi lauya, ba ya barin bashi.

Ɗan Damagaram: Ina karanta ku daga Faransa ina mamaki. Nan ko da babban laifi aka kore ka, kana da haƙƙin kuɗin shomaj, wato kuɗin rashin aiki, in dai ka cika watannin aiki. Wanda ya ajiye da kansa ne ba ya samu, sai da wasu dalilai. Amma daga 2023 sun toshe wata kafa: wanda ya daina zuwa aiki kawai aka aika masa takarda bai koma ba, ana ɗaukarsa ya yi murabus. Sai dai a nan kada ka ce za ka kafa hujja da Juma'a, ba za ka ji daɗin amsar ba.

Na Ƙofar Mata: Mu a gida Najeriya ku bar mu da kallo. In an sallame ka, abin da doka ta ba ka shi ne bayan wata huɗu ba aiki ka ciri kashi 25 cikin ɗari na asusun fanshonka, wato kuɗin tsufanka kake ci tun da sauran ƙarfi. Wanda bai da asusun kuma sai 'yan'uwa. Baban Sadiƙ ka bi haƙƙinka.

Maman Iman: Anti, tambaya don wata ƙawata. Mijinta yana jiran katin zama, an rage su a wurin aiki, amma ya ƙi nema wai kada a ce ya zama nauyi a kan gwamnati a hana shi katin.

Anti Tafinta: In yana da izinin aiki lokacin da ya yi aikin, kuma yana da shi yanzu, yana iya nema. Ba a lissafa wannan kuɗi cikin tallafin da ke sa a ce mutum nauyi ne, ko a tsauraran ƙa'idojin 2019 ba a sa shi ba, don abin da aka yi aiki aka tara ne. Amma dokokin shige da fice suna motsi, ya tambayi lauyan da ke riƙe da takardunsa kafin ya danna komai. Wanda kuwa ya yi aiki da takardar wani, ko izininsa ya ƙare, kada ya kusanci wurin. Ba zan ƙara a kan haka ba a zaure.

Dogo na Ohayo: Ni har yanzu ban gamsu ba a kan Asabar ɗin nan. In ni ne alƙali zan ce an ba shi hanya.

Lauya Mai Jiran Gado: Yana iya faɗin haka, ba na rantsuwa. Amma kada mu cakuɗa shari'a biyu. Tambayar ko kamfani ya yi iya ƙoƙarinsa ta dokar hana bambanci ce ta 1964, wadda ta hau kan duk mai ma'aikata 15 zuwa sama. A can hukumar EEOC, mai yaƙi da nuna bambanci a wurin aiki, ake kai ƙorafi, cikin kwana 180, a jihohi da yawa har 300. A 2023, a shari'ar wani ma'aikacin gidan waya mai suna Gerald Groff da ya ƙi aikin Lahadi, alƙalai tara suka ce bai isa kamfani ya ce abin ya ɗan takura masa ba, sai ya nuna asara mai nauyi gwargwadon girman kasuwancinsa. A wancan fagen tayin Asabar yana da ƙarfi sosai, na yarda da kai. A fagen kuɗin rashin aiki kuwa ba a tambayar ko kamfani yana da ikon korarsa. Yana iya zama korar ta halatta kuma a biya shi. Tambayar ita ce ko abin da ya yi ya kai laifin da jiha za ta hana shi abin da za a ci a gida.

Dogo na Ohayo: To a nan na ɗan sassauto. Ɗan kaɗan.

Ɗan Zango na Denba: Anti, in ya nemi tafinta kyauta ne?

Anti Tafinta: Kyauta ne, kuma ya nema tun a takardar farko ko da yana jin Turanci, don Turancin sito daban, na rantsuwa daban. Amma ya rubuta Hausa ƙarara. In ya rubuta sunan ƙasa kawai, sai a haɗa shi da mai jin Yarbanci ko Tuwi a ɗage zaman, wata guda ya tafi a banza. In kuma aka haɗa shi da wanda Hausarsa ba ta shige masa ba, ya faɗa wa alƙali nan take, kada ya bari sai an yanke hukunci.

Ɗan Damagaram: Wato in aka ba Bakano tafinta ɗan Damagaram ya ce bai gane ba?

Anti Tafinta: In ka fara ce masa lahiya lau da mushe da madam, ni ma sai na nemi tafinta.